Wace ƙofa ƙungiyar unguwa za ta ƙwanƙwasa don koyar da noman cikin gari a Zariya?

Sakataren ƙungiyar unguwa, Tudun Jukun

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar iyaye da 'yan'uwa da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka yi aikin gona ko suka koyar da shi. Ƙungiyar ci gaban unguwarmu ta tsai da shawarar fara koya wa matasa da matan aure noman kayan miya a tsakar gida da kuma filayen da ke zaune ba a amfani da su, saboda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin cefane ya gagari gidaje da yawa, kuma mun lura cewa rabon kayan abincin da muke yi da azumi, duk da ladan da ke cikinsa, ba ya kai iyali ko'ina bayan sallah.

Abin da ke hannunmu ba shi da yawa. Wani dattijo ya ba mu aron kangonsa, fili ne mai katanga da ƙofa wanda bai soma gini a ciki ba, kuma akwai rijiya a kusurwarsa. Makarantar Islamiyyar unguwa ta yarda mu yi amfani da aji ɗaya ranakun Alhamis da Juma'a da ba a karatu. Akwai ɗan kuɗi a asusu da zai sayi iri da buhunan da za a cika da ƙasa a yi shuka a ciki da bokitan ban-ruwa. Mai koyarwa ne muka rasa, domin waɗanda suka san noma a cikinmu masara da dawar damina suka sani, ba su taɓa renon tumatir ko latas ba.

Duk wanda muka tambaya sai ya ce mu tafi Samaru, inda cibiyoyin aikin gona suke. To, Samaru faɗi gare ta, kuma ba mu san inda ƙaramar ƙungiya irin tamu za ta dosa ba, balle abin da ya dace mu roƙa idan an saurare mu. Damuwata ta biyu ta fi wannan girma. Mun sha ganin taron bita na yini guda inda ake jawabai, a ɗauki hotuna, a raba takardar shaida da kuɗin mota, bayan wata biyu kuma ba ka samun ko tushen alayyafo ɗaya a gidan waɗanda suka halarta. Yaya ake tsara haɗin gwiwa tsakanin unguwa da masana har ilimin ya zauna a hannun mutane? Kuma shin ya dace a riƙa bai wa masu koyo wani abu, tunda wasu shugabanninmu suna cewa idan babu kuɗin zama matasa ba za su zo ba? Allah ya saka da alheri.

Tsohon malamin gona, Samaru

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya sa wa wannan niyya albarka. Bari in fara rarrabe muku Samaru, domin mutane da yawa suna ɗaukar duk gine-ginen nan abu ɗaya ne, alhali kowanne da aikinsa. Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda aka fi sani da IAR, ta samo asali tun 1922, ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello lokacin da aka kafa jami'ar a 1962. Babban nauyin da ke kanta shi ne inganta irin masara da dawa da wake da gyaɗa da auduga, shi ya sa kuke jin sunayen iri kamar SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA da SAMNUT. Binciken kayan lambu a matakin ƙasa yana hannun cibiyar NIHORT ta Ibadan, mai reshe a Bagauda ta jihar Kano. Akwai masanan tumatir da albasa a Samaru, a sassan nazarin shuka da ƙasa da kare amfanin gona na Tsangayar Aikin Gona, sai dai ba ta wurinsu za ku fara ba.

A ganina ku fara da NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa, domin aikinta ke nan, wato ɗauko sakamakon bincike ta isar da shi ga manomi, kuma ta daɗe tana buga ƙasidu da shirya shirye-shiryen rediyo da Hausa. Akwai kuma Kwalejin Aikin Gona ta Samaru, inda ake horar da matasan da za su zama malaman gona, sannan ga hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, wadda muka saba kira KADP kafin ta koma KADA, kuma shiyyarta ta Maigana ce ke kula da wannan yanki. Idan nan gaba kuka so haɗawa da kiwon kaji, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI na nan a Shika, ita ce ta fitar da kajin ƙwai na ShikaBrown, amma ku jingine wannan sai lambu ya kankama.

Kada ku rubuta takarda kuna neman tallafi haka kawai. Irin wannan takarda takan kwana a fayil, saboda wanda ya karanta ta kuɗi zai fahimta, kuma ba shi da kasafin da zai ba ku. Ku nemi abu ƙarami mai suna: malami ɗaya da zai sa ido, ɗalibai biyu ko uku da za su riƙa zuwa sau ɗaya a mako, da gwajin ƙasar kangon da ruwan rijiyar. Ɗaliban aikin gona suna da shekarar koyon aiki a aikace a cikin karatunsu, kuma malamansu suna bukatar wuraren da za su tura su su yi hulɗa da jama'a, saboda haka ba hannu rabbana kuka je ba, ku ma akwai abin da kuka kai. Cibiyoyin bincike suna da tsarin ɗaukar wasu ƙauyuka da makarantu su mai da su wurin gwaji da nuni. Ku ambaci wannan a takardar, ku nemi a dubi unguwar cikin gari da irin wannan ido. Mai unguwa ya sa hannu, mutum biyu su kai ta da ƙafa, su kuma riƙa komawa bibiya.

Maganar taron yini guda kuwa, kun gano inda ciwon yake. Matsalolin lambu ba sa zuwa rana ɗaya. Yau iri ne ya ƙi tsira, bayan mako uku dashe ne ya kwanta, bayan wata guda ganye ne ya nannaɗe, kuma wanda aka cusa wa komai a yini ɗaya zai gamu da kowaccensu shi kaɗai bayan malamin ya riga ya tafi. Tsarin da na ga ya fi kama jiki shi ne wanda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara da manoman shinkafa a Indonesiya a 1989, wanda ake kira makarantar manoma a gona. Mutane kamar 25 suke haɗuwa sau ɗaya a mako a fili ɗaya tun daga reno har girbi, su duba shukar da idonsu, su kamo ƙwarin da suka gani, su yi muhawara kan abin yi kafin malami ya sa baki. Akan raba filin biyu, gefe ɗaya a bi yadda aka saba, ɗaya gefen a bi sabuwar hanya, sai amfanin ya raba gardama da kansa. Gani ya kori ji.

Ku kuma bi yanayin garinmu. Ruwan sama a Zariya yakan sauka daga Mayu ya ɗauke a farkon Oktoba, kuma sanyin hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin da tumatir da latas da kabeji da karas suke jin daɗi. Idan kuka zuba irin tumatir a Oktoba kuka dasa bayan mako 3 zuwa 4, za ku ci amfaninsa kafin zafin Maris da Afrilu ya fara zubar da fure. Amma darasin farko ya zama alayyafo, domin cikin wata ɗaya ake yankansa, kuma sabon ɗalibi yana bukatar ya ga wani abu ya shiga tukunyarsa da wuri. Kuɗin zama kuwa, kada ku fara shi. Mai koyarwa ne ya cancanci kuɗin mota.

Ɗan lambu, bakin Kubanni

Salamu alaikum. Baba malamin gona ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara girma, kuma ban isa in gyara masa ba. Ina dai roƙon a bar ni in ƙara abin da kullum ake tsallakewa idan ana lissafa masana. Kaso mai yawa na latas da karas da alayyafon da kuke saye a kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada da rani daga hannun 'yan lambun bakin Kubanni da fadamun Galma yake fitowa, kuma a cikinmu akwai waɗanda suka gaji sana'ar tun zamanin da ake ɗaga ruwa da jigo kafin injin ban-ruwa ya zo. Ɗalibin jami'a ya san sunan cuta da dalilinta, wannan haka yake, amma ɗan lambu ne ya san zurfin da ake binne irin karas, da yadda ake yanka fangali ya riƙe ruwa da rani, da abin da ya sa da damina ake komawa kunya mai tudu don kada saiwa ta ruɓe. Ku sa ɗan lambu ɗaya a matsayin malami, ba lebura ba, kuma ku biya shi, domin safiyar da ya ba ku safiyar ban-ruwansa ce.

Inda nake ji wa shirinku tsoro shi ne ruwa. Kun ce akwai rijiya, amma rijiyar Oktoba daban take da rijiyar Afrilu, saboda haka ku tambayi maƙwabtan kangon yadda nasu rijiyoyin suke yi idan bazara ta yi nisa kafin ku yanke yawan abin da za ku shuka. Buhun ƙasa ya fi fangali saurin bushewa, domin iska da rana suna dukansa ta kowane gefe. Idan har sai an sayi ruwa wurin 'yan ga-ruwa, tumatirin buhu zai fi na kasuwa tsada, kuma mutane za su yi lissafin da kansu su watsar. Ku koya musu rufe bakin ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, da yin ban-ruwa da sassafe ko da yamma.

Ku kuma yi magana ƙarara kan ruwan kwata. Ba zan ɓoye ba, a wasu wurare ruwan da ke gangarowa rafi ya haɗu da na lambatun gari, kuma akwai masu shayar da shuka da shi saboda ba su da wani. Mu ma abin yana damunmu. Ganyen da ake ci ɗanye kamar latas da kabeji shi ya fi haɗari, kuma makarantar da za ta koya wa mutane noman abin da 'ya'yansu za su ci bai kamata ta yi shiru a nan ba. Haka takin bola. Iyayenmu sun yi amfani da shi lokacin da juji toka ne da shara da kashin dabbobi, amma jujin yau cike yake da leda da batir da fasassun kwalabe. Kashin kaji ko na awaki ya fi, da sharaɗin a tara shi a jiƙa a bari ya ruɓe ya huce, domin ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi.

Waɗanda suka yi tumatir a 2016 ba za su manta da tsutsar nan da muke kira sharon ba, wadda ta cinye gonaki har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Tun daga lokacin wasu suka koyi feshi ba ƙaƙƙautawa, su gauraya magani biyu ko uku, su fesa yau su tsinka gobe. A tsakar gida inda yara ke rarrafe wannan ba abin wasa ba ne. Maganin ƙwari na kirki yana da adadin kwanakin da ake jira tsakanin feshi da tsinka a rubuce a jikin kwalbarsa, kuma a nan ɗaliban da Baba ya ambata za su yi amfani ƙwarai, su karanta wa mutane su fassara musu. Ga ƙaramin lambu, cire ganyen da tsutsa ta shiga da hannu da fesa ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa suna rage ɓarna sosai, fiya-fiya kuwa kada ta kusanci abin da za a ci.

Malamar Islamiyya, Kwarbai

Assalamu alaikum. Na ƙaru da bayanin Baba da na ɗan'uwa mai lambu. Amma Malam Sakatare ya ambaci matan aure a tambayarsa, kuma har yanzu ba a dawo kansu ba, alhali idan noman tsakar gida ake nufi su ne za su yi ban-ruwa, su ne za su kori kaji, su ne kuma suka san abin da tukunya ke bukata. Matar da ke kulle ba za ta zo kango ta tsuguna cikin samari tana koyon dashe ba, kuma babu wanda zai ga laifin mijinta idan ya hana. Idan aka tsara darasi ɗaya don kowa, maza za su koya, gidaje kuma su zauna yadda suke.

Abin da nake ganin zai yiwu shi ne a zaɓi mata kaɗan waɗanda shiga gidaje ba ya yi musu wuya, irin malaman Islamiyya da ungozoma da dattijan unguwa, a ware musu ranarsu a kangon, mace ta koyar da su, sannan kowacce ta ɗauki gidaje biyar ko shida na layinsu. A takardar da za ku kai Samaru ku rubuta a fili cewa kuna son ɗaliba a cikin waɗanda za a turo, kuma hukumar aikin gona ta jiha tana da sashen mata a harkar noma wanda don irin wannan aka kafa shi. Idan ba ku nema da baki ba maza za a turo, ba don mugunta ba, sai don su ne suka fi yawa.

Darasin kango kuma ba zai shiga gida yadda yake ba. Gidajen cikin ganuwa da yawa tsakar gidansu ƙarama ce, ɗakuna sun kewaye ta, rana ba ta daɗewa a ciki, tumatir da tattasai kuwa suna son rana ta kai awa 6 ko fiye a yini. Gidan da bai samu haka ba gara a ba shi shawarar ganye, maimakon a bar mace ta yi wata uku tana wahala da tumatirin da zai yi tsawo babu 'ya'ya. Gidan ƙasa ba a jingina buhunan da ake shayarwa kullum da katangarsa, domin damshi zai ci gindin ginin. A gidan haya sai an nemi yardar mai gida da ta sauran 'yan haya, in ba haka ba lambun zai zama sanadin faɗa a kan igiyar shanya. Wanda kuma bai tanadi ragar waya ko shingen kara ba, kaji da awaki ya yi wa noma. Game da ruwa na yarda da ɗan'uwa, amma a gida akwai wanda ake zubarwa kullum ba a lissafa shi, wato ruwan alwala da na wanke shinkafa da gero da ganye, kuma yana iya riƙe 'yan buhuna ba tare da an sayi jarka ba. Wanda za a guje wa shi ne ruwan wanki mai omo da bilic, da na wanke-wanke mai maiƙo da gishiri.

Ina da 'yar magana kan lokacin da Baba ya ba da, tare da girmamawa. Watannin da tumatirinku zai nuna, wato Janairu zuwa Maris, su ne watannin da tumatir ya fi araha a kasuwa, saboda na lambuna ya cika gari. Kukan uwargida yana farawa ne daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da kayan miya ke yin wuya. Idan don sauƙin cefane ake wannan aiki, dole darasin ya haɗa da yin kauɗa da busar da kuɓewa da tattasai a kan tabarma mai tsabta da aka ɗaga sama aka rufe da raga, da dasa zogale wanda ake cin ganyensa kusan duk shekara, da noman kuɓewa da yakuwa da rama da damina. A kuma bayyana wa mata bambancin iri mai aure da irin gida, domin mai aure idan aka ɗebi 'ya'yansa aka sake shukawa ba ya maimaita yadda ya yi da farko, kuma da yawa za su ɗauka hannunsu ne ba shi da kyau. Kuɗin iri kuwa ba sai ƙungiya ta ɗauka har abada ba. Matan layi ɗaya da suka saba adashi za su iya haɗa kuɗin fakiti ɗaya su raba dashe.

Sakataren ƙungiyar unguwa, Tudun Jukun

Allah ya saka wa Baba da Hajiya Malama da ɗan'uwa mai lambu da mafificin alheri. Na karanta wa shugabanninmu bayananku, kuma an amince da ware wa mata ranarsu da ɗaukar ɗan lambu a matsayin malami. Abu biyu ne suka rage. Da baki dattijon ya ba mu kangon a gaban liman, amma da aka yi maganar yasar rijiya da dasa zogale da mangwaro, ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya tambaya ko har yaushe za mu zauna, kuma na ji alamar hankalin iyalin bai kwanta ba. Sannan gardamar kuɗin zama ba ta mutu ba, domin masu goyon bayansa suna cewa matashin da ke kabu-kabu ko leburanci asarar aikin safiya zai yi idan ya zo darasi, kuma wannan hujja ce da ban iya turewa ba.

Lauya, Sabon Gari

Malam Sakatare, ɗan dattijon yana da gaskiya, kuma gara da ya yi tambayar yanzu. A al'adarmu wanda aka ba aron fili ba ya dasa itace a cikinsa, saboda itace yakan zama hujjar mai iƙirari bayan waɗanda suka shaida aron sun kau. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, mai fili a cikin gari haƙƙin zama da amfani yake riƙe da shi, kuma magada sukan ji tsoron duk abin da zai jawo jayayya kan wannan haƙƙi. Ku cire mangwaro daga lissafi gaba ɗaya, zogale kuma ku sa shi a buhu ko ku raba wa gidaje.

Ku rubuta yarjejeniya ta shafi ɗaya da Hausa, wadda za ta ce aro ne ba kyauta ko haya ba, kuma babu wani haƙƙin mallaka da ya koma kan ƙungiya. A ƙayyade wa'adin da zangon noma maimakon shekaru, a kuma rubuta cewa idan mai fili ya bukaci abinsa zai sanar da wuri ya jira a girbe abin da ke ƙasa. Duk gyaran da kuka yi wa rijiya ya zauna ga mai fili ba tare da biya ba. Mai unguwa da liman su shaida, manyan 'ya'yansa kuma su sa hannu, domin su za ku tarar idan ta Allah ta kasance. A cikin wata takardar daban ku fayyace wanda ya mallaki amfanin da aka girbe, tun kafin tumatir ya nuna.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan ba. Birnin Rosariyo na ƙasar Ajantina, bayan durƙushewar tattalin arzikin ƙasar a 2001, ya fara shirin noman cikin gari a 2002 da haɗin gwiwar hukumar birnin da wani shirin lambuna na gwamnatin tarayya da wata ƙungiya mai zaman kanta. Sun ba da iri da kayan aiki da horo, amma abin da ya sa shirin ya ɗore shi ne sun ƙididdige filayen da ke zaune, suka yi doka da ta ba masu lambu izinin amfani na wucin gadi, suka sassauta wa masu filayen haraji, suka kuma buɗe kasuwannin da ake sayar da amfanin. Idan gwajinku ya yi kyau, irin wannan ce maganar da za ku kai wa ƙaramar hukuma da masarauta.

Ina kuma ba ku shawarar yi wa masu koyon rajista a matsayin ƙungiyar gama-kai, domin hukumomi sun fi sakin jiki da ƙungiya mai takarda da asusun banki. Shirye-shirye irin HortiNigeria, shirin bunƙasa noman kayan lambu wanda ƙasar Holan ta ɗauki nauyinsa daga 2021 a jihohin Kaduna da Kano da Ogun da Oyo, da rukunonin manoma suke aiki. Sai dai kowane shiri irin wannan yana da wa'adi, saboda haka ku gina tsarinku yadda zai ci gaba ko babu su.

Tsohon malamin gona, Samaru

Hajiya Malama ta faɗi gaskiya kan farashi, Allah ya yi mata albarka, amma ina nan kan cewa a fara da hunturu, domin sabon hannu yana bukatar lokacin da cuta ta yi sauƙi. Tumatirin damina yana fama da ruɓewar saiwa da ƙunar ganye, kuma wanda ya fara da shi ya faɗi ba zai dawo ba. Ku ɗauki hunturu zangon koyo, damina kuma zango na biyu inda za a bi jerin da ta kawo.

Hujjar masu kuɗin zama tana da nauyi, amma maganinta a lokaci yake, ba a aljihu ba. Ku sa darasin bayan sallar asuba ya ƙare cikin awa biyu, yadda mai babur zai riski fasinjan safe, lebura kuma ya riski wurin gini. Kowane mai koyo a yanka masa fangalinsa, abin da ya fito nasa ne, ya ci ko ya sayar. Na ga wuraren da aka raba kuɗin zama, kuma abin da ya faru shi ne masu son kuɗin suka cike gurbin tun ranar rubuta suna, masu son noman suka rasa wuri. Da ni ne ma sai in sa ɗan kuɗin rajista kaɗan wanda za a mayar wa mutum a matsayin iri idan ya kai ƙarshen zango.

Sakatare ya buɗe littafi ya riƙa rubuta wanda ya zo da abin da aka shuka da abin da aka girbe, kuma a zango na biyu ya ƙirga gidajen da suka sake shuka da kuɗinsu ba tare da an ba su komai ba. Wannan adadi za ku mayar wa Samaru idan kuna son su sake turo ɗalibai. Takardarku ta isa can tun cikin Agusta ko farkon Satumba, saboda gwajin ƙasa da ruwa yana ɗaukar lokaci, kuma takin da za a zuba a Oktoba a daidai wannan lokacin ya kamata a fara tara shi don ya samu ya ruɓe.